A Cire Zeya Daga Hoton

Khin Pyone ta kai ga kunnen saurayin ke nan sai hannunta ya goce. Layin da take ja da linzamin kwamfuta ya yanki rabin kunnen ya faɗa cikin kumatu. Ta yi tsaki, ta koma baya, ta kusanto da hoton har sumar kansa ta cika allon, ta sake ɗaukowa daga wuya.

"'Yata, da saura?" in ji tsohuwar da ke zaune a kan benci a bayanta.

"Kaɗan ya rage, Inna. Gashin ne ke ba ni wahala. Wai ɗan nan naki bai san mataji ba ne?"

Don tsohuwar ta yi dariya ta faɗi haka, amma Daw Mya Sein ba ta yi ba. Tana rungume da kwandon cefane a cinya, cike da ganyen yakuwa, kuma a ƙarƙashin yakuwar ne ta ɓoyo hoton tun daga gida, ta wuce shingen sojoji biyu da shi. Gumi ya narkar da kwaɓin thanaka, garin itacen kwalliya da ta shafa a kumatu, ya bi ta wuyanta fari-fari.

Mutum huɗu ne a hoton, kuma Khin Pyone da kanta ta ɗauke shi a wannan shagon shekara biyar da suka wuce, a gaban shuɗin labulen da har yanzu yake rataye. Tsohuwar da mijinta U Ba Thaung suna zaune, 'yarsu tana tsaye a bayansu, sai ɗansu Zeya a can gefe, cikin farar riga marar kwala, ya haɗa hannuwa a gaba kamar wanda aka tilasta wa tsayuwa. Shekara ɗaya bayan nan uban ya rasu. Shi kuwa Zeya malamin makaranta ne. Da sojoji suka ƙwace mulki ya ajiye alli ya shiga yajin aiki tare da sauran malamai, da aka fara bin su gida-gida sai ya haye kogin Chindwin ya shiga daji wurin masu yaƙar sojoji. Uwar ta biya an buga a jarida cewa ta yafe shi, ba ɗanta ba ne, kamar yadda iyaye da yawa a nan garin Monywa suka yi don kada a rufe musu gida. Hoton ne kawai ta kasa saukewa daga bango, domin shi kaɗai ne hoton mijinta da take da shi.

Yau da safe matar mai unguwa ta raɗa wa tsohuwar a kasuwa cewa da la'asar za a bi layinsu ɗaki-ɗaki.

"Ko in ce ki bar shi ne in ƙone abina in huta?" in ji tsohuwar.

"Ki ƙone Kawu Ba Thaung? Haba Inna. Ki ba ni minti arba'in."

Khin Pyone ta dubi agogon bango. Ƙarfe goma da kwata. Awa huɗu ake ba unguwarsu wuta, sha biyu na bugawa za a ɗauke.

Ba yau ta fara wannan aikin ba. Da can sana'arta hoton katin shaida ne da na biki da na mamata. A 'yan shekarun nan ne mata suka fara shigowa da hotuna a cikin kwanduna, suna magana ƙasa-ƙasa. Ba ta taɓa tambayar kowa dalili ba, ba ta taɓa ajiye komai a kwamfutar ba. Duk da haka takan tuna U Than Htike mai buga takardu a layin baya. Da daminar bara aka zo aka ɗauke shi da injinansa, har yau matarsa na kai abinci ƙofar kurkuku ba ta san ko shi ke ci ba.

Ta gangaro da layin ta kafaɗa, ta bi hannun riga, ta zagaya ƙafafu, ta hau ta ɗaya gefen har ta haɗa bakin layin da inda ta faro. Nan take ya koma ɗige-ɗige masu tafiya kamar jerin kiyashi, sun kewaye Zeya daga kai har ƙafa. Daga yanzu duk abin da ta umarci kwamfutar, a kansa kaɗai zai sauka. Saura ta goge shi, sannan ta zauna ta ɗinke gurbin da labule.

A daidai lokacin wata mota ta tsaya a ƙofar shagon, ba a kashe injin ba.

Khin Pyone ba ta buƙaci leƙawa ba. Ta ji yadda titin ya yi tsit. Mai sayar da rake ya daina kiran ciniki, rediyon shagon shayi na tsallake ya mutu. Aka rufe ƙofar mota, sai ƙarar takalmi mai nauyi a kan dakali.

Allon kwamfutar bango yake kallo, ba a ganin sa daga ƙofa, amma taku biyar ne tsakani. Ta kashe allon? Wanda ya kashe allo don soja ya shigo ya riga ya amsa laifi. Ta rufe hoton? Tsohuwar kwamfutar sai ta tsaya tambayar ko a adana, ta yi ta juya ɗan zobenta. Yatsanta ya kai kan maɓallin gogewa ya tsaya cak. In ta danna, abin da zai rage shi ne mutum uku da rami mai siffar mutum a gefensu, da kai da kafaɗu, cike da ƙananan murabba'ai fari da toka. Ko jariri ya ga wannan ramin ya san abin da ake yi a shagon.

Hannunta ne ya yi tunanin, ba kanta ba. Ta danna maɓallai ukun da ke juya zaɓi, na ciki ya zama na waje, kiyashin suka watsu zuwa gefunan hoton. Ta goge. Uwa da uba da 'ya da labule suka ɓace gaba ɗaya, Zeya ya rage shi kaɗai. Ta zuba fari a bayansa, ta zare launi. Aikin da take yi wa hotunan mamata ke nan kowane mako, ko a barci za ta iya.

"Wa ke da shagon nan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Bai cire takalmi a bakin ƙofa ba. Mutum ne da ya ba hamsin baya, gajere, mai furfura a gefen kai, da alamar manjo a kafaɗa, amma wurin da sunansa ya kamata ya kasance a ƙirji an ɓanɓare shi. Ganyen kun da yake taunawa da farar ƙasa kamar goro ya rina masa leɓe ja. Yana riƙe da babbar ambulan. Ya dubi hotunan amare da ke jere a bango, ya dubi labulen, ya dubi tsohuwar, sannan ya zagayo bayan tebur ba tare da an ce masa bismillah ba, ya tsaya a kan Khin Pyone.

"Wane ne wannan?"

Ta ji muryarta ta fito siririya kamar ta wata.

"Mijin Inna ne, ranka ya daɗe. Marigayi. Hotonsa na samartaka ne nake wanke mata, za ta ciyar da sufayen haikali sadaka saboda shi."

"Tun yaushe aka ɗauka?"

"Ya kai shekara arba'in."

Manjon ya juya. "Haka ne, Inna?"

Daw Mya Sein tana kallon allon. Ɗanta ne a tsaye a wurin, baƙi da fari, shi kaɗai a cikin farin fili, daidai yadda ake yi wa wanda ya mutu. Leɓenta na motsi babu sauti. Khin Pyone ta ƙirga bugun agogo har shida.

"Haka ne," in ji tsohuwar.

"Sunansa?"

"U Ba Thaung. Jirgin ruwa yake tuƙawa a kogi."

"Kyakkyawan mutum."

"Taurin kai gare shi," in ji Daw Mya Sein, idonta bai bar allon ba. "Ba ya jin magana. Sau nawa na ce masa ya zauna a gida."

Khin Pyone ta jira manjon ya gano wanda ake nufi. Amma shi ɗan murmushi ya yi, ya ce duk matan duniya abin da suke faɗa ke nan. Ya daɗe yana kallon saurayin, daga sumar kai zuwa hannuwan da ya haɗa a gaba. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba:

"An ce kina cire mutum daga hoto ba a ganewa."

An ce. Wa ya ce? Fuskokin matan da suka shigo da kwanduna suka riƙa gifta mata ɗaya bayan ɗaya. Wacce aka kama? Me aka yi mata kafin ta faɗa?

"Ranka ya daɗe, abin da nake yi, in an ɗauki amarya wani ya gifta ta baya, ko wayar lantarki ta ɓata sama..."

"Ba wannan na tambaye ki ba, 'yar'uwa. Kina iyawa ko ba kya iyawa?"

"Ina iyawa."

Ya gyaɗa kai. "Inna, je ki tsallake ki sha shayi. Mijinki ba zai gudu ba."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta dubi Khin Pyone, ta dubi sikana, injin da ke shigar da hoto cikin kwamfuta. Hoton na asali yana kwance a ciki, ƙarƙashin murfi. Babu yadda za ta yi, ta ɗauki kwandonta ta fita. Manjon ya bi bayanta ya janyo ƙofar ƙarfen shagon har rabi. Shagon ya yi duhu-duhu. Ta ƙarƙashin ƙofar Khin Pyone na hango tayoyin motar da takalman mutum biyu.

Ta tuna babu wanda zai neme ta in ta ɓace sai ƙanwarta da ke Mandalay, ita ma sai Lahadi suke waya.

Ya zaro hoto daga ambulan ya ajiye a gabanta. Mutum uku ne a harabar haikali, rana na dukan zinariyar hasumiya a bayansu. Shi ne a tsakiya, cikin zane da riga irin na kowa. Matarsa na dama. A hagu wata budurwa ce mai farar riga da jan zane irin na malaman jinya, ta saƙala hannunta a nasa, ta kwantar da kai a kafaɗarsa tana dariya, iska ta watsa mata gashi.

Ya ɗora yatsa a kan budurwar. "Wannan."

Khin Pyone ta gane dalili. Kowa a ƙasar ya san masu jan zane ne suka fara fita daga asibitoci don ƙin yi wa sojoji aiki.

"Gobe babbanmu zai ci abinci a gidana," in ji shi. "Uwarta ta ce in an sauke hoton nan daga bango ita ma a sauke ta. Minti nawa?"

"Awa ɗaya, ranka ya daɗe. Akwai gashi, akwai hannu."

"Minti arba'in."

Sai da ta miƙa hannu ga murfin sikana ta tuna. Ta ɗaga shi a hankali. Hoton Daw Mya Sein na kife a kan gilashi, bayansa na sama, ga hatimin shagonta shuɗi, ga kwanan wata da ta rubuta da hannunta. Ta rufe rubutun da tafinta, ta ɗauke shi a kife, ta ja aljihun tebur. Ya cije. Ta sake ja, ya ƙi. Gumi ya sauko mata cikin ido. Ta tura hoton ƙarƙashin tulin takardun bugawa, gefensa guda ya leƙo. Manjon na tsaye taku ɗaya daga wurin. Ya dubi tulin, ya dubi fuskarta, ya kau da kai ya tofar da jan yawu a kwandon shara.

Ta fara daga ƙafa, inda ya fi sauƙi. Gefen zane layi ne miƙaƙƙe, ta bi shi tiryan-tiryan. Yana tsaye a bayanta, tana jin numfashinsa da warin ganye da farar ƙasa a kan wuyanta. Sau biyu hannunta ya goce ta koma baya. Hannun budurwar ya fi komai wuya, don yatsu huɗu ne kwance a kan hannun rigar uban, dole ta zagaye kowane ɗaya daban ta haɗa shi da sauran. Akwai ɗan zoben azurfa a ƙaramin yatsa. Ta kewaye shi.

Da ta zo kan gashi sai ta kusanto da hoton. Fuskar ta cika allon gaba ɗaya, da haƙori guda da ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, da tabon thanaka a kan hanci, da idanun da dariya ta runtse.

"Tsaya."

Ta ɗauke hannu daga linzamin kamar ya ƙone ta. Me ya gani? Sunan ɗaya hoton da ke buɗe a saman allo? Gefen da ya leƙo daga ƙarƙashin takardu? Ta kafe ido a kan madannai tana jira a dafa kafaɗarta. Ta ji ya daina tauna. Fankar sama na juyi, injin mota na ruri a waje, wani ya yi tari. Ba ta san tsawon lokacin ba, ta dai san wuyanta ya ƙage.

"Ci gaba," in ji shi, muryarsa a dishe.

Ta bi gashin sili-sili, ta tausasa gefen layin don kada yankan ya fito kamar na almakashi. Kiyashin suka kewaye yarinyar. Ta ɗan dakata ko zai ce wani abu. Bai ce ba. Ta danna.

Ramin ya bayyana, da kan da ya karkata, da hannun da ya saƙalo, har da gurbin yatsu huɗu a kan rigarsa. Ta ji wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa kamar wanda aka kai wa naushi a ciki.

"Cike shi. Yi sauri."

Ta zaɓo hannun rigarsa na dama, ta kwafa, ta juya shi, ta ɗora a hagu. Ta ɗebo daɓen harabar daga gefe ta shimfiɗa inda zanen ya tsaya, ta ɗebo bangon haikali ta ja shi zuwa kafaɗarsa. Inuwar yarinyar na nan kwance a ƙasa, ita ma ta zagaye ta ta share. Sannan ta matso da shi da matarsa tsakiya, ta rage faɗin hoton. Miji da mata ne a harabar haikali, shi yana murmushi, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka ƙasa ba tare da dalili ba.

Injin bugawa ya yi ta ƙugi kafin ya turo takardar. Ya ɗaga ta ga haske, ya juya ta, ya kawo ta kusa da ido.

"Goge na cikin kwamfutar. Duka."

Ta goge yana kallo.

"Da kwandon sharar ciki. Na san da shi."

Ta zubar da shi ma. Ya mayar da tsohon hoton da sabon cikin ambulan ɗaya, ya ajiye kuɗi a kan tebur ba tare da ya tambayi farashi ba. Da hoton nasa ya rufe, sai Zeya ya sake fitowa a allon, baƙi da fari. Manjon ya tsaya yana gyara hula.

"Ba ki taɓa gani na ba."

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Ba ni da 'ya."

"Ba ka da ita."

Ya kai bakin ƙofa, ya kama ƙarfen zai ɗaga, sai ya yi magana bai waiwayo ba.

"Mijin tsohuwar nan. Shekara arba'in da suka wuce ba a yin agogon da ke ƙirga bugun zuciya. Irinsa na saya wa..." Ya katse maganar. "Ki gyara."

Ƙofar ta yi ƙara ta hau sama, haske ya shigo. Motar ta tashi.

Khin Pyone ta dubi allon. Ga shi nan a wuyan hannun Zeya, leƙe daga bakin riga, baƙin agogon roba mai fuska murabba'i. Tun shigowarsa ya gani. Ta kifa goshi a gefen tebur tana jan numfashi ta baki. Ya san shagon, ya san fuskarta, ya san abin da take yi. Ita kuma ta san abin da ba ya so kowa ya sani. Ta kasa gane wanne ne cikin biyun zai sa ya dawo.

"'Yata! 'Yata, ya taɓa ki?"

Daw Mya Sein ce ta shigo tana haki, ba ta ko tsaya cire silifa ba. Khin Pyone ta girgiza kai, ta gaya mata maganar agogon kawai, ba ta faɗi sauran ba. Tsohuwar ta dafe ƙirji ta zauna a bencin.

Sha biyu saura minti ashirin da biyar.

"Inna, lokaci ya ƙure. In na koma kan hoton iyalin yanzu, ko da ƙyar zan iya ɗinke labulen kafin a ɗauke wuta. Ba zai yi kyau sosai ba, amma daga nesa..."

"Cire agogon."

"Na'am?"

"Agogon za ki cire. Ki bugo min wannan." Ta nuna allon da haɓa. "Girmansa ɗaya da wancan, don ya rufe shaidar da ke bango."

Khin Pyone ta juyo da kujera gaba ɗaya. "Inna, kin san abin da kike faɗa? Shi fa suke nema. Ki rataye musu fuskarsa a tsakar ɗaki?"

"Mijina ne. Ke kika faɗa da bakinki, manjo guda ya ce kyakkyawan mutum ne." Tsohuwar ta goge ido da gefen mayafi. "Duk layinmu sun san Zeya ubansa ya ɗebo. Wanda ya ce ba U Ba Thaung ba ne ya zo ya gaya min a ina ya san shi yana saurayi. Shekara uku ina kallon yaron nan a gefe, kamar baƙo. Na rubuta a jarida ba nawa ba ne. Ki bar ni in sa masa fure kowace safiya, ko da sunan wani ne."

"Fure kuma? Yana da rai fa, Inna."

"Ke kika sani? Ni ban sani ba."

Khin Pyone ta gyara kujera. Ta juya ga allon. Ta zagaye agogon ta goge, ta jawo bakin rigar ya rufe wuyan hannun. Ta zagaye sumar ta kwantar da ita gefe, ta fitar da tsaga irin ta mazan da. Ta yanke hoton daga ƙugu, ta zuba masa ruwan ƙasa-ƙasa, ta dusashe gefuna, ta ja ɗan layin karaya a kusurwa kamar hoton da ya daɗe a akwati. Hannunta bai goce ko sau ɗaya ba. Takardar na gama fitowa daga injin, fanka ta fara rage gudu, allon ya mutu.

A cikin zafin da ya rufto ta ɗauko firam na katako ta kwantar da sabon hoton a kan gilashi.

"Wancan fa?" ta tambaya, ta zaro na iyalin daga ƙarƙashin takardu.

"Sa shi a baya. Su zauna tare."

"In suka buɗe fa?"

"Wa ke buɗe hoton mamaci?"

Khin Pyone ta so ta ce ta san waɗanda ke buɗe abin da ya fi wannan. Ta haɗiye. Ta kifa hoton iyalin a bayan na Zeya, ta rufe da kwali, ta buga ƙananan ƙusoshi, ta bi gefuna da takardar gam. Ta kawo tsohuwar jarida za ta naɗe, Daw Mya Sein ta ture hannunta.

"Abin da aka naɗe shi ake cewa a kwance."

Ta rataya kwandon yakuwa a gwiwar hannu, ta rungume firam ɗin a ƙirji, fuskar na kallon waje, ta fita cikin rana.

Khin Pyone ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙarfen. Shingen farko yana ƙarshen layin, kusa da hanyar kogi, buhunan yashi da waya mai ƙaya. Tsohuwar na tafiya a tsakiyar titi da ɗan ɗingishinta, mutane na kaucewa. Wani mai keke ya sauka ya tura abinsa har ta wuce. Da ta isa shingen soja ya ɗaga hannu. Daga nan ba a jin abin da suke cewa. Ya leƙa kwandon, ya cusa bakin bindiga cikin ganyen ya motsa. Sannan ya nuna firam ɗin. Daw Mya Sein ta ɗaga shi sama daidai fuskarsa, ta riƙe.

Khin Pyone ta ƙara damƙe ƙarfen ƙofar.

Sojan ya duba, ya duba. Sai ya ɗan sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa mamaci, ya ja wayar gefe, ya matsa ya ba su hanya.